Wakili, Kakaki da Bulala: Tarken Kalmomin Majalisa Bisa Misalin 'Yan Majalisar Arewacin Gana, 1951–1966

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin Hausa da aka ba shi aikin fassara labarin majalisar dokoki ba ya shan wahalar neman kalmomi. Jaridu da gidajen rediyo sun riga sun share masa hanya: akwai ɗan majalisa da wakili, akwai kakaki da akawu da bulala, akwai 'yan adawa da masu sauya sheƙa. Matsalar ita ce, sauƙin samun kalma yakan hana shi tsayawa ya tambayi kansa ko hoton da take ɗauke da shi ya dace da abin da ake magana a kai. Mafi yawan waɗannan kalmomi daga fada aka ɗauko su, wasu daga ofishin Turawa, wasu daga rayuwar yau da kullum, kuma kowace ta zo da ƙurar inda ta fito.

Manufar wannan takarda ita ce ta yi tarken waɗannan kalmomi ta hanyar gwada su a kan mutane na haƙiƙa, wato 'yan majalisar da suka fito daga Arewacin Gana da jami'an da suka yi aiki da su, daga 1951 zuwa 1966. An zaɓi wannan misali saboda dalilai biyu. Na farko, kalmomin a Arewacin Nijeriya suka girma, a shafukan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, da rediyon Kaduna, da Sashen Hausa na BBC da ya fara aiki a watan Maris 1957. Saboda haka ɗora su a kan tarihin Tamale zai nuna inda suka yi daidai da inda suka yi gajarta. Na biyu, a cikin shekaru goma sha biyar kacal majalisar Gana ta sauya kama sau da dama, alhali kalmar Hausa da muke kiran ta da ita ba ta motsa ba.

2.0 Taƙaitaccen Tarihi

Turawan Ingila sun mayar da Arewacin Gwalkwas ƙasar da take ƙarƙashin kariyarsu a farkon ƙarni na 20, kuma a 1907 suka mayar da hedkwatarta Tamale daga Gambaga. Sun daɗe suna mulkin yankin a ware da Kudu. Tsarin mulkin Gwamna Burns na 1946 ya shigar da Asante cikin Majalisar Dokoki ta Akara, amma Arewa ba ta samu kujera ba. Abin da ta samu a wannan shekara shi ne Majalisar Yankin Arewa, wadda take zama a Tamale, mai ba da shawara kawai, kuma hukumomin gargajiya ne suke aiko da mutanensu cikinta. Makarantar sakandare ta farko a duk yankin sai a 1951 aka buɗe ta a Tamale.

A wannan shekara ta 1951 'yan Arewa suka fara shiga majalisar ƙasa. Daga cikin kujeru 84, an ware musu 19. A zaɓen Yuni 1954 kujerun suka zama 104, Arewa tana da 26, kuma a karo na farko jama'ar Arewa suka jefa ƙuri'a kai tsaye. Wata biyu kafin wannan zaɓe, a watan Afrilu, aka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, NPP, a Tamale. Kada ɗalibi ya rikita ta da NPP ta yanzu da aka kafa a 1992. Shugabanta shi ne S. D. Dombo, sarkin Duori, kuma cikin manyanta akwai Mumuni Bawumia daga ƙasar Mamprusi, da Yakubu Tali, sarkin Tolon kusa da Tamale, da J. A. Braimah, basarake daga Gwanja. A ɓangaren jam'iyyar CPP ta Kwame Nkrumah akwai irin su J. H. Allassani da Imoru Egala, waɗanda suka riƙe muƙaman minista. A zaɓen Yuli 1956 CPP ta samu kujeru 71, NPP 15, jam'iyyar NLM mai ƙarfi a Asante 12. Ƙasar ta samu 'yanci ranar 6 ga Maris 1957, ta zama jamhuriya ranar 1 ga Yuli 1960, ta koma tsarin jam'iyya ɗaya a 1964, sojoji da 'yan sanda suka kifar da gwamnati ranar 24 ga Fabrairu 1966.

3.0 Tarken Kalmomi

3.1 Majalisa da Wakili

Majalisa kalma ce ta Larabci mai nufin wurin zama. A Hausa ta daɗe tana nufin zaman da sarki yake yi da waziri da alƙali da sauran manyan fada. A irin wannan zama ana ba da shawara, sarki ya yanke hukunci. Wannan ma'ana ta yi daidai da Majalisar Yankin Arewa ta 1946. Amma ba ta nuna ikon yin doka da amincewa da kasafin kuɗi ba, shi ya sa aka ƙara mata "dokoki". Ɗalibin da ya rubuta "majalisa" kawai ga taron Tamale na 1946 da na Akara na 1954 ya haɗa abu biyu masu bambancin iko a cikin suna ɗaya.

Matsalar wakili ta fi wannan zurfi. A al'adar Hausawa ba a ambaton wakili sai an san wanda ya wakilta shi: wakilin sarki, wakilin ango a wurin ɗaurin aure, wakilin attajiri a kasuwa. Wanda ya aike ka, shi za ka koma wa da bayani. Dubi wannan jimla, irin wadda ake yawan gani a aikin ɗalibai:

"A 1951 jama'ar Arewa suka zaɓi wakilai 19 zuwa majalisa."

Nahawun jimlar lafiya lau, amma tarihinta karkatacce ne. Manomin Savelugu ko mai sayar da goro a kasuwar Tamale bai jefa ƙuri'a a kan waɗannan mutane ba. Wani taron masu zaɓe na musamman ne ya fitar da su, wanda aka gina a kan Majalisar Yankin Arewa da mutanen da hukumomin gundumomi suka aiko. Ke nan wakilan 1951 sun fi kusa da zama wakilan sarakuna da hukumomin gargajiya. Ba abin mamaki ba ne da aka samu sarakuna da 'ya'yan sarakuna da ma'aikatan hukumomin gargajiya da malaman makaranta sun cika sahun. Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, don haka sanin wanda ya aiki wakili shi ne mabuɗin fahimtar abin da ya faɗa a zauren majalisa.

A 1954 da 1956 ne kalmar ta samu ma'anar da muke ba ta a yau, wato wanda mutanen mazaɓa suka zaɓa. A 1965 kuwa ta sake juyawa. An ƙara kujeru zuwa 198, jam'iyyar CPP ta tsayar da mutum ɗaya a kowace mazaɓa, aka bayyana dukkansu sun ci ba hamayya, ba tare da an jefa ƙuri'a ba. Wanda ya kira waɗannan "zaɓaɓɓun wakilan jama'a" ya yi wa mai karatu ƙarya da kalmomi masu kyau. Akwai kuma rukuni na huɗu. A 1960 aka shigar da mata goma majalisa bisa wata doka ta musamman da ta ware wa mata kujeru, cikinsu har da Susanna Al-Hassan, haifaffiyar Tamale, wadda daga baya ta zama mace ta farko da ta riƙe muƙamin minista a Gana. Ita wakiliya ce, amma ta yanki da ta mata, kuma hanyar shigarta daban ce.

Hukuncin da za a yanke a nan shi ne, "ɗan majalisa" da "'yar majalisa" sun fi aminci, domin ba su yi iƙirarin komai ba face zama a kan kujera. Duk lokacin da mai fassara ya zaɓi "wakili", wajibi ne ya faɗi wakilin wane ne da yadda aka fitar da shi.

3.2 Kakaki da Sandar Majalisa

Kakaki dogon abin busa ne na ƙarfe da ake busa wa sarki. Ba kowane basarake ake busa wa ba, kuma jin ƙararsa sanarwa ce cewa mai gari ya fito. Daga nan ma'anar ta faɗaɗa ta koma mai magana da yawun wani, kamar kakakin rundunar 'yan sanda ko kakakin jam'iyya. Sunan da Turawan Ingila suke kiran shugaban majalisarsu da shi ma'anarsa "mai magana", saboda tun ƙarni na 14 shi ne yake isar da maganar majalisar talakawa ga sarkin Ingila. Waɗanda suka zaɓi kakaki sun bi wannan ma'ana, kuma dole a yaba musu: kalmar gajeriya ce, mai daɗin faɗa, mai kwarjini.

Sai dai akwai aibi biyu. Na farko, alƙiblar maganar ta juya. Kakakin fada yana kai muryar sarki zuwa ga talakawa, shugaban majalisa kuwa asalin aikinsa kai muryar majalisa zuwa ga sarki, wani lokaci ma muryar da sarkin ba ya son ji. Na biyu, a cikin zaure shi ne mutumin da ba ya shiga muhawara. Aikinsa ya ba da izinin magana, ya hana wuce gona da iri, ya yanke hukunci a kan ƙa'ida. Ya fi kama da alƙali a kan kakaki.

Misalin Gana ya fito da wannan fili. Wanda ya shugabanci majalisar da 'yan Arewa suka fara shiga shi ne Sir Emmanuel Quist, lauya daga Akara, wanda ya shugabanci tsohuwar Majalisar Dokoki tun 1949, ya kuma riƙe kujerar har 1957. Bayansa aka yi A. M. Akiwumi, da J. R. Asiedu, da Kofi Asante Ofori-Atta wanda juyin mulkin 1966 ya same shi a kai. Idan mai sauraro a zangon Tamale ya ji an ce "kakakin majalisa", yana iya ɗauka cewa Quist mai magana da yawun gwamnatin Nkrumah ne, alhali darajar kujerarsa a kan rashin ɗaukar ɓangare ta dogara. Tsarin mulkin Gana na 1992 ya ƙara ƙarfafa wannan: shugaban majalisa ba ya riƙe kujerar mazaɓa, kuma ba shi da ƙuri'a. Shi ya sa Edward Doe Adjaho ya bar kujerarsa da aka zaɓe shi a 2013. A Nijeriya kuwa kakaki ɗan majalisa ne mai mazaɓa, kamar yadda Ibrahim Jalo Waziri yake a majalisar tarayya daga 1960 zuwa 1966. Kalma ɗaya, muƙami iri biyu. Kakaki ta riga ta zauna a bakin jama'a, ba mai iya tumɓuke ta, amma a rubutun tarihi ya kamata a fara da "shugaban majalisa" sannan a biyo da ita.

Sandar majalisa kuwa fassara ce da ta yi nasara. Bahaushe ya san sandar girma da ake miƙa wa sarki ranar naɗi, ya san cewa alama ce ta iko. Sandar da aka yi wa majalisar Gana a 1960 a tsaye ake kafa ta a zaure, abin da ake kamantawa da sandar masu magana da yawun sarakunan Akan. A nan hoton fada ya taimaka. Abin da za a kiyaye shi ne, ikon da sandar take nunawa na majalisar ne baki ɗaya, shi ya sa sunanta sandar majalisa, ba a jingina ta ga mutumin da yake kan kujera.

3.3 Akawu ko Magatakarda

Babban ma'aikacin majalisa, wanda yake tsare kundin zama, yake ba shugaban majalisa shawara a kan ƙa'idoji, yake kula da dukkan ma'aikata, an fi kiran sa akawun majalisa. Ana danganta kalmar akawu da kalmar Yarbanci mai nufin marubuci, kuma ta shigo Hausa tare da ƙananan ma'aikatan ofisoshin Turawa da kantunan kamfanoni. A Tamale takwararta ita ce karachi, wato ɗan boko mai aikin alƙalami. Duka biyun suna kawo hoton mutum mai kwafe takarda yana jiran umarni.

Wannan hoto ya rage wa muƙamin daraja. K. B. Ayensu, wanda ya riƙe shi a majalisar zamanin Nkrumah, shi ne daga baya ya rubuta tarihin majalisar Gana tare da S. N. Darkwa. 'Yan majalisa suna zuwa suna tafiya, ministoci suna sauyawa, amma wannan jami'i shi ne ma'ajiyar ƙa'ida. Ga sababbin shiga irin 'yan Arewa na 1951, waɗanda ba su taɓa zama a irin wannan zaure ba, ofishinsa ne wurin koyon yadda ake gabatar da tambaya ko ƙudiri. A Kaduna ma Alhaji Umaru Gwandu daga wannan aiki ya hau kujerar shugabancin Majalisar Wakilai ta Jihar Arewa. Hausa tana da kalmar da ta fi dacewa, wato magatakarda, babban marubucin sarki mai riƙe da asirin wasiƙu. A wannan gaɓa kalmar fada ta fi kalmar ofis, kuma wannan takarda tana ba da shawarar a fifita "magatakardan majalisa".

3.4 Bulala da Mai Tsawatarwa

Kowace jam'iyya a majalisa tana da jami'in da yake tabbatar da cewa 'ya'yanta sun halarci zama kuma sun jefa ƙuri'a yadda aka tsara. Turawa sun ɗauko sunansa daga farautar yanyawa, inda ake da mutumin da yake hana karnuka watsewa daga garke. Hausa ta ɗauki kalmar ta mayar da ita bulala, har ake cewa bulaliyar majalisa. Wasu suka ga kalmar ta yi tsauri, suka ce mai tsawatarwa.

Duka biyun sun kauce. Bulala a kunnen Bahaushe hukunci ce, ta dogari ko ta makarantar allo. Mai tsawatarwa kuma yana sa a zaci shi ne mai hana hayaniya a zaure, alhali wannan aikin shugaban majalisa ne. Sannan jingina shi ga majalisa kuskure ne, domin jami'in jam'iyya ne. Aikinsa ƙirga kawuna da lallashi da tunatarwa. Ranar 3 ga Agusta 1956, lokacin da aka gabatar da ƙudirin neman 'yanci, an samu ƙuri'a 72 masu goyon baya, babu ko ɗaya a kan ƙi, saboda 'yan hamayya, har da na NPP, sun ƙaurace wa zaman. Tara mutum 72 a zaure, da hana sauran shiga, duka irin aikin wannan jami'i ne, kuma ba ɗayansu da ya yi kama da duka ko tsawa. Bayanin da ya fi gaskiya shi ne "mai haɗa kan 'yan jam'iyya a majalisa". Ya yi tsawo ga kanun labarai, amma ya kamata ya zo a karo na farko da aka ambaci muƙamin.

3.5 Adawa da Hamayya

Nan ne kuskuren kalma ya fi haɗari. Adawa daga Larabci take, ma'anarta gaba da ƙiyayya. Hamayya kuwa takara ce tsakanin masu neman abu ɗaya. Tsarin majalisar da Gana da Nijeriya suka gada ya ginu a kan cewa ɓangaren da ba ya mulki halattacce ne, yana da shugaba da aka sani, kuma gobe yana iya karɓar gwamnati. Wanda ya kira su 'yan adawa ya riga ya sanya su a sahun maƙiya.

Tarihin Dombo ya nuna cewa wannan tambaya ce ta gaske. Bayan zaɓen 1954 NPP ce babbar jam'iyyar da ba ta cikin gwamnati. Nkrumah ya nuna rashin amincewa da a ɗauke ta a matsayin hamayya ta hukuma, bisa hujjar cewa jam'iyyar yanki ɗaya ce, amma daga bisani aka san Dombo a matsayin shugaban wannan ɓangare. Bayan zaɓen 1956, duk da cewa NPP tana da kujeru 15, NLM 12, Dombo ya bar wa K. A. Busia shugabancin. Bayan samun 'yanci al'amura suka tsananta. A watan Agusta 1957 aka kori Alhaji Amadu Baba, Sarkin Zangon Kumasi, da Alhaji Usman Ladan, manya a jam'iyyar Musulmi ta MAP, zuwa Nijeriya. Da suka kai ƙara kotu cewa su 'yan ƙasa ne, majalisa ta yi doka ta musamman mai ɗauke da sunayensu. A Disamba 1957 aka yi dokar hana jam'iyyun yanki da na ƙabila da na addini, a daidai lokacin da NPP da NLM da MAP da wasu suka narke cikin jam'iyyar UP. A Yuli 1958 aka yi dokar tsare mutum ba tare da shari'a ba.

Ba ana cewa kalmar Hausa ce ta haifar da waɗannan dokoki ba. Abin lura shi ne, labarin waɗannan shekaru labari ne na yadda aka mayar da hamayya ta zama adawa a idon hukuma. Mai fassarar da ya yi amfani da "adawa" tun daga 1954 ya ɓoye wannan sauyi, domin ya nuna kamar tun farko maƙiya ne. Da hamayya ya kamata ya fara, ya ajiye adawa sai inda yake bayyana yadda masu mulki suka ɗauke su.

3.6 Sauya Sheƙa da Murabus

Sheƙa gidan tsuntsu ce. Wannan salon magana ya fi na Turawa armashi, domin su tsallake filin da yake tsakanin kujerun ɓangarorin biyu kawai suka gani, Bahaushe kuwa ya ga sauya gida baki ɗaya. Bayan 1957 manyan NPP da dama, irin su Bawumia da Braimah da Tali, sun koma CPP, yayin da Dombo da Jato Kaleo da B. K. Adama suka tsaya a hamayya. Abin da kalmar ba ta faɗa ba shi ne, a wancan zamani mai sauya sheƙa yana tafiya da kujerarsa. Tsarin mulkin 1992 ne ya ce wanda ya bar jam'iyyar da ta kawo shi ya rasa kujerar. Haka kuma kalmar tana da ɗan zambo a ciki, kamar mutum ya gudu don abinci. Marubucin tarihi ya kamata ya kawo yanayin da aka yi sauyin: yanki mai ƙarancin makarantu da hanyoyi, gwamnati mai riƙe da kuɗin ayyuka da ikon amincewa da sarakuna, da dokar tsarewa a gefe. Bayan ya kawo wannan, mai karatu ya yanke hukuncinsa.

Murabus ma daga sarauta take, kuma tana da fuska biyu: "ya yi murabus" da "an yi masa murabus". Braimah, ɗan Arewa na farko da ya zama minista a 1951, shi ya ajiye aiki da kansa a ƙarshen 1953 bayan ya sanar da gwamna cewa ya karɓi fam 2,000 daga wani ɗan kwangila, abin da ya sa aka kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Arku Korsah. Ƙaramin bambancin nahawu ne tsakanin jimlolin biyu, amma shi ne bambanci tsakanin wanda ya fallasa kansa da wanda aka kama. Braimah ya ci gaba da zama ɗan majalisa, daga baya ma ya zama Yagbonwura, sarkin Gwanja baki ɗaya.

4.0 Harshen Zauren Majalisa

Akwai dalilin da ya sa kalmomin nan ba su tsiro a Gana ba. Tsarin mulkin wancan zamani ya shardanta cewa ɗan majalisa ya iya magana da karatu da Ingilishi gwargwadon yadda zai shiga muhawara. A yankin da sakandarensa ta farko ta buɗe a 1951, wannan sharaɗi ya taƙaita takara ga tsirarun da suka yi makarantar boko. Malamin zango mai rubuta wasiƙa da waƙa da ajami, irin magadan Alhaji Umaru na Kete-Krachi, ba ya cikin lissafi. A Kaduna kuwa Hausa da Ingilishi ne harsunan majalisun Jihar Arewa, don haka dole aka nemo kalmomi, aka goge su da amfani. Tsarin mulkin Nijeriya na 1979 da na 1999 sun ambaci Hausa da Ibo da Yarbanci a matsayin harsunan majalisar tarayya idan an yi tanadi, kuma a 1991 aka buga ƙamus na kalmomin majalisa cikin harsuna huɗu.

A Tamale harshen gari Dagbanci ne, Hausa harshen kasuwa da zango da bariki ce, kuma tana cikin harsunan da rediyon gwamnatin Gana ya daɗe yana watsa labarai da su. Tsarin mulkin 1992 bai sa sharaɗin Ingilishi ba, kuma ƙa'idojin zaman majalisa na shekarar 2000 sun ambaci Hausa da Dagbanci cikin harsunan da ɗan majalisa zai iya magana da su idan akwai tafinta. Ke nan Hausar Gana ta ari kalmomin majalisa daga Hausar Nijeriya, tare da tsarin siyasar da aka ɗinka su dominsa. Wannan shi ne tushen mafi yawan rashin daidaiton da aka nuna a sama.

5.0 Kammalawa

Wannan takarda ta gwada kalmomin majalisa a kan 'yan majalisar Arewacin Gana da jami'ansu, ta kuma raba su gida uku. Akwai waɗanda suka dace, kamar ɗan majalisa da sandar majalisa da magatakarda da hamayya. Akwai masu buƙatar ƙarin bayani, kamar wakili da kakaki da sauya sheƙa da murabus. Akwai kuma masu karkatar da ma'ana, wato akawu da bulala da adawa.

Wannan tarihi bai mutu ba. A zaɓen shugaban ƙasa na Disamba 2024, manyan 'yan takara biyu 'ya'yan 'yan majalisar wancan zamani ne: John Dramani Mahama, ɗan E. A. Mahama na Gwanja ta Yamma, wanda ya yi nasara, da Mahamudu Bawumia, ɗan Mumuni Bawumia. A 2021 Alban Bagbin ya zama ɗan Arewa na farko da ya shugabanci majalisar. Ɗaliban da suke karanta wannan takarda su ne za su ba da labarin iyayen waɗannan mutane da Hausa a rediyo da aji da littafi. Kafin ɗalibi ya rubuta kowace kalma daga cikin waɗannan, ya tambayi kansa abu uku: daga ina ta fito, wane hoto take kawowa mai sauraro, kuma a wace shekara abin da yake bayani ya faru. Don gwaji, ya ɗauki jimlar 1951 da aka kawo a sashe na 3.1 ya gyara ta, sannan ya rubuta irinta a kan 1954 da 1960 da 1965, ya duba ko kalma ɗaya ta ishe shi a duka huɗun.